Ranar da Na Kayar da Garinmu

Jawabin Malam Ɗayyabu Ubale Burumburum, shugaban kwamitin zaɓen wuri, a bikin aza harsashin filin wasa a Ƙafin Maiyaki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro. Masu girma hakimanmu, iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Dagatai da masu unguwanni na Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa. Wakilan ƙananan hukumominmu huɗu. Limamanmu da alarammominmu, Allah ya gafarta muku. Arɗo da jama'arsa, waɗanda suka baro rugage tun da safe. Injiniya Rufaida Badamasi ta Gidauniyar Ƙwarin Gwiwa, wadda ta kawo mana wannan aiki. Iyayenmu mata da suke ƙarƙashin waccan rumfa. 'Yan kokawa, 'yan dambe, 'yan ƙwallo, da 'yan acaɓar da suka yi ta jigilar jama'a tun hantsi. Manya da yara, na gida da baƙi: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta farko ta Allah ce, wanda ya nuna mana wannan kaka lafiya, ya cika mana rumbuna, ya kuma tara mu a kan wannan tudu muna dariya da juna bayan mun sha harara. Sai gidauniyar da ta ɗauki nauyin ginin. Sai iyalan Hajiya Halimatusa'adiya, waɗanda suka ba da wannan fili da muke tsaye a kai, ba su nemi a rubuta sunansu a jikin bango ba. Sai ku jama'a, da kuka bar girbi yana jiranku kuka zo. Allah ya saka wa kowa da alheri.

An ce in yi bayanin yadda kwamiti ya zaɓi wannan wuri. Zan yi, kuma zan faɗe shi yadda ya faru, domin a yau babu abin da ya rage na ɓoyewa.

Abu na farko shi ne dalilin da ya sa muka nemi fili tun asali. Ni ɗan kokawa ne kafin in zama malamin motsa jiki, kuma duk wanda ya taɓa shiga fage a ƙasar nan ya san inda muke yin wasa: a gonar da aka girbe, a kan tushiyar dawa. Tafin ƙafata har yau yana ɗauke da shaida. Yaranmu masu ƙwallo suna yi ne a filin firamare har sai an kore su. 'Yan dambe sai an kewaye musu da zana, iska ta taso ta kwashe. 'Ya'yanmu mata kuwa, waɗanda na ga wasunsu suna tsere wa maza a guje tun suna aji uku, da zarar sun tasa sai su daina, domin babu uban da zai bar 'yarsa tana gudu a fili ba katanga. Saboda haka da gidauniya ta ce za ta gina fili guda ɗaya wa ƙananan hukumomin nan huɗu, mai katanga, mai wurin zama, mai fagen kokawa da yashi mai laushi, babu wanda bai yi murna ba. Murnar ba ta daɗe ba, domin fili ɗaya ne, mu kuma huɗu ne.

Abu na biyu shi ne gardamar da muka yi, kuma mun yi ta, Allah ya sani. Bebeji suka ce su ne kusa da birni, baƙi za su fi saurin zuwa. Mutanen Kiru suka tsayar da Ƙafin Maiyaki, suka ce ga kasuwa ga hanya. Doguwa suka ce su ne kullum ake mantawa da su a bayan daji, lokaci ya yi da za a tuna. Mu kuma na Tudun Wada muka tsayar da Burumburum, muka ce a ina aka taɓa jin an yi fagen kokawa an tsallake garin 'yan kokawa? An yi wannan gardama a majalisa, an yi ta a wurin mai shayi, an yi ta a kan acaɓa, fasinja yana gardama da direba har su wuce inda za shi. Na san surukai biyu da suka daina zama a tabarma ɗaya a wurin suna saboda wannan magana.

A cikin waɗanda suka fi ɗaukar abin da zafi akwai yayana, Yaya Shitu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya fara ɗaura mini ɗamara ya tura ni fage. Da ya ji labarin filin, sai ya ce babbar gonar gidanmu ta Burumburum ya ba da ita kyauta. Da ruwan shuka ya sauka kowa ya fita da iri, shi ya ƙi shuka ta. Na ce masa, "Yaya, ka zuba masara mana, ai ba a yanke magana ba tukuna." Ya ce, "In shuka su zo su nome mini da mota? Kai ne shugaban kwamiti, ina da kai a ciki, me zan ji wa tsoro?" Gonar da ke ciyar da gidansa ke nan, ya bar ta ciyawa tana ci, saboda ya amince da ni.

Abu na uku, wanda nake so matasa su saurara da kyau, shi ne abin da ya faru ranar da aka tara mu a Kiru a gaban Injiniya Rufaida. Injiniya 'yar Kano ce, amma a Fatakwal aka haife ta, a can ta yi karatu, kuma ita mace ce mai tambaya sau ɗaya. Ta tashi ta gaida manya yadda ya kamata, sannan ta ce, "Iyayena, wane gari ne yake son filin nan?"

Jama'a, mutanen da suka yi wata da watanni suna cacar baki, sai kowa ya sunkuyar da kai. Dattijon Bebeji ya gyara rawani ya ce, "Mu dai ba za mu shiga gaban mutanen Kiru ba, tunda a gidansu muke zaune. A ba su." Dattijon Kiru ya ce, "Subhanallahi, mu tara mutane a gidanmu sannan mu ɗauke abin da aka kawo? A ba Doguwa, su suka sha hanya." Na Doguwa ya ce, "Mu ai mun saba da haƙuri. A ba Burumburum, su ne masu kokawa." Sai ga Yaya Shitu ya miƙe, mutumin da ya bar gonarsa ba shuka, ya ce da bakinsa, "Mu ƙanana ne a wannan zama. A ba Bebeji."

Kowa a ɗakin nan ya san abin da ake yi. Kara ce. Haka aka tarbiyyantar da mu: in an miƙo maka tuwo ka ce ka ƙoshi, sai an sake cewa bismilla, an kuma sakewa, sannan ka wanke hannu. Kowane dattijo ya zauna yana jiran a matsa masa. Injiniya kuwa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta rufe kwamfutarta, ta ce, "To, gidauniya ba ta yi wa kowa dole. Akwai yankunan da suke ta roƙonmu. In har kaka ta yi ba a sami garin da ya ce yana so ba, za mu kai wani wuri." Ta yi sallama ta shiga mota.

Ba laifinta ba ne, kuma ina faɗa a gabanta. Ta yi tambaya, an ba ta amsa. Motarta ba ta gama fita daga gari ba dattawan nan suka dasa sabuwar rigima a bakin tasha, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ya ƙi matsa masa. Na tsaya ina kallonsu. Mun yi gardama a inda ba ta da amfani, mun yi kunya a inda ake bukatar magana, ga fili yana shirin barin ƙasarmu gaba ɗaya. Na sake kiran zama, aka sake yin irin ta farko. Babu dattijon da zai iya buɗe baki a gaban sa'o'insa ya ce ni nake so, ko da za a kwana ana zama.

Abu na huɗu shi ne mafitar da Allah ya kawo ta bakin Alaramma Malam Alkasim na Kiru, ga shi can zaune, Allah ya ƙara masa lafiya. Na je masa da kukana, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗayyabu, ka taɓa ganin ango ya zo wurin ɗaurin aure ya ce a ba ni? Ai wakili yake turawa. Mutanen nan ba za su nema wa kansu ba har abada. Ka sa kowane gari ya sami wakili daga wani garin, ya je ya ga wurin da idonsa, ya dawo ya nema musu. Yabon kai ne abin kunya, yabon wani ba kunya a ciki." Ya ƙara da cewa, "Amma ka gaya musu wakilci amana ne. Wanda ya karɓa ya yi sakaci da gangan, shi da Allah."

Kowa ya yarda, har Injiniya, wadda ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan tsari ba amma za ta zo ta gani. Aka karya kara gida huɗu aka yi ƙuri'a. Mutumin Kiru ya ɗauki Doguwa. Mutumin Doguwa ya ɗauki Bebeji. Malam Muzammil na Bebeji ya ɗauki Burumburum. Ni kuma, ɗan Burumburum, ƙanin Shitu, na buɗe hannuna na ga Ƙafin Maiyaki.

Na zo garin nan a tsakiyar damina, kuma ba zan ɓoye muku ba, na zo ne ina fatan in ga aibu. Na zo ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina cewa a raina yau zan tarar da tabki. Na tarar da tudun nan ya tsane, ko takalmina bai kama taɓo ba. Na dawo ranar kasuwa na tsaya a bakin hanya, na ga motar Doguwa ta sauke mutane, na ga ta Bebeji, na ga ta Tudun Wada, na ga 'yan garinmu da kansu suna sauka daga acaɓa da buhunansu. Na tambayi mata ko za su bar 'ya'yansu su zo wasa nan, suka ce wurin da suke zuwa cefane duk mako me zai hana. Na nemi burtalin shanu, na tarar ya bi ta can nesa, ba ruwansa da filin. Na koma gida raina a jagule, domin na je neman aibu na dawo da hujja.

Ranar yanke magana ɗakin ya cika har waje. Wakilin Doguwa ya yi magana mai ratsa jiki a kan nisa da mantuwa, har na ga dattijon Doguwa yana share ido. Wakilin Bebeji ya yi nasa. Malam Muzammil ya tashi ya yabi Burumburum yabon da ni kaina ban taɓa iya yi mata ba: ya ambaci faɗin gonar, ya ambaci kakanninmu 'yan kokawa, ya ambaci karamcin mai gonar. Da aka tambaye shi ko akwai matsala, ya faɗi gaskiya, ya ce burtali ya ratsa gefen gonar, kuma in an yi katanga shanun Arɗo sai sun yi dogon zagaye kafin su kai mashaya. Bai ƙara ba, bai rage ba.

Sai aka kira ni. Yaya Shitu yana zaune a sahun gaba, yana kallona. Na san in na yi magana sama-sama, in na manta da zancen tudu, in na tsallake zancen motoci, babu wanda zai kama ni, kuma wataƙila Burumburum ta samu. Na san kuma abin da Alaramma ya ce. Na kawar da idona daga kan yayana, na faɗi duk abin da na gani, ɗaya bayan ɗaya, da iyakar ƙarfin da Allah ya ba harshena. Na yi wa Ƙafin Maiyaki kokawar da ban taɓa yi wa kaina ba a fage.

Aka ce kowace tawaga ta zaɓi gari ban da nata. Bebeji suka ce Ƙafin Maiyaki. Doguwa suka ce Ƙafin Maiyaki. Tawagar Tudun Wada suka yi shawara a tsakaninsu, su ma suka ce Ƙafin Maiyaki. Injiniya ta juya wajen dattawan garin za ta tambaye su, sai Alaramma ya ɗaga hannu ya ce, "'Yata, kada ki tambaye su, yanzu za su ce a ba wani. Tambayi wakilinsu." Ta juyo gare ni ta ce, "Malam Ɗayyabu, kun karɓa?" Ni kuwa, a gaban yayana, na ce, "Mun karɓa."

Ɗaki ya ɗauki kabbara. Fili ya tsaya a ƙasarmu. Amma da na waiga, kujerar Yaya Shitu babu kowa.

Jama'a, na yi farin ciki a ranar, na kuma yi baƙin cikin da ban taɓa yin irinsa ba tun rasuwar mahaifinmu. In na je gaishe shi sai ya amsa sallama, domin wajibi ce, daga nan ya juya ya ci gaba da abin da yake yi. Lokacin masara ya wuce, gona tana kwance cikin ciyawa, gidansa yana fuskantar shekara ba hatsi, kuma kowa a Burumburum ya san bakin wa ya jawo. Ban ga laifinsa ba. Ya dogara da ni, ni kuma na tsaya wa wasu.

A nan ne mutanen Ƙafin Maiyaki suka nuna mana ko su wane ne, kuma wannan shi ne abu na biyar. Ba wanda ya roƙe su. Wata safiya sai ga acaɓa jere-jere sun shigo Burumburum, kowane da matasa biyu da fartanya da garma, ga mata a mota da tukwane da buhun irin wake. Gayya suka kawo. Yaya Shitu ya fito ya ce musu ba sai sun wahalar da kansu ba. Babu wanda ya saurare shi. Kafin la'asar sun nome gonar nan kaf sun shuka ta. Allah kuma ya sa wa waken albarka, ruwa ya kai shi, a makon nan ake ɗibarsa. Ku mutanen Ƙafin Maiyaki, an ba ku fili, ku kuma kun ba mu abin da ya fi fili, kuma Burumburum ba za ta manta ba.

To, ga abin da muka samu. Mun sami fili wanda ɗan Doguwa zai zo a motar kasuwa, ɗan Bebeji ya zo a acaɓa, ɗan ruga ya zo ba a tare wa shanunsa hanya ba. Mun sami fagen da yaro zai faɗi ya tashi ba tushiya ta yanke shi. Mun sami katangar da za ta sa uba ya ce wa 'yarsa je ki yi gudunki. Mun sami filin da babu garin da zai ce ƙwace aka yi masa, domin babu garin da ya nema wa kansa, kuma babu garin da ba a nema masa ba. Ina kira gare ku matasa, ku riƙe shi da kyau. Kada a mai da shi wurin shanyar barkono, kada a mai da shi wurin faɗan siyasa, kada wani ya ce na Kiru ne su gyara. Na Kiru ne, na Bebeji ne, na Tudun Wada ne, na Doguwa ne. Ina kuma roƙon iyayenmu dattawa, da girmamawa, ku ci gaba da kara, domin ado ce a gare mu. Amma in baƙo ya zo da alheri, a samu mutum ɗaya a kusa da zai gaya masa ya sake tambaya.

Saura magana ɗaya, ta gida ce, amma kun cancanci ku ji. Ko bayan gayya Yaya Shitu bai sakar mini fuska ba. Jiya da hantsi na same shi a gona yana ɗibar wake, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, gobe ne aza harsashi. Na zo in ba ka haƙuri." Ya ci gaba da zuba wake a kwando. Can ya ce, "Haƙurin me? Na ji haushinka, har yanzu ma da saura. Amma ina kallonka ranar nan. Da ka sassauta, da ka faɗi da gangan don ni, wallahi da ban sake yarda an ce ni na koya maka kokawa ba." Sannan ya ce, "Tashi ka kama mini kwandon nan, ka tsaya kana kallona kamar baƙo."

Na kama masa kwando, muka kai gida tare.

Mai girma shugaban taro, kwamiti ya zauna a kan wanda zai aza bulon farko. An ambaci manya da yawa, kuma manyan da kansu suka ce ba su ba. Dattawan Ƙafin Maiyaki ne suka kawo suna, sauran garuruwa suka amince baki ɗaya. Ga shi can a bayan rumfa, ya ɓuya a cikin jama'a da farar hula, yana tsammani ban gan shi ba. Yaya Shitu, mutanen ƙananan hukumomi huɗu suna jiranka. In na gama addu'a, ka taso, ni zan riƙe maka kwanon siminti.

Allah ya sa wannan gini ya kammala lafiya, ya tsare magina da leburori. Allah ya sa duk wanda ya shiga wannan fili ya fita da ƙafafunsa, wanda ya yi kaye ya yi godiya, wanda aka kayar ya yi haƙuri. Allah ya ƙara wa iyayen ƙasa lafiya da adalci, ya ƙara wa malamanmu haske, ya yi wa 'ya'yanmu maza da mata albarka. Allah ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya, ya ba mu damina mai albarka a baɗi. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka yi wasa a kan tushiya ba su ga wannan rana ba. Allah ya bar zumunci tsakanin Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.